Gas, fetur da walda a layi ɗaya: yadda ake auna haɗarin fashewa a wuraren sana'a a Zariya

Tun bayan tankar da ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, da kuma ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a watan Janairun 2025, maganar fashewa ba ta bar bakin mutane ba. Hukumar NMDPRA mai kula da rarraba mai da gas ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga 1 ga Maris 2025, sai kuma aka koma kan tsohuwar maganar shagunan gas na cikin unguwa, wani ya ce an hana, wani ya ce a'a lasisi kawai ake nema, wani kuma ya ce ai wannan doka ta manyan kamfanoni ce ba ruwanta da mai ɗan shago.

Tanka ce dai ake gani a labarai, amma a Zariya inda mutane ke wuni da abubuwa masu kamawa da wuta kullum shi ne gareji, shagon cika gas, rumfar mai walda, wajen fentin mota, teburin ɗan bumburutu, injin niƙa da ɗakin janareta. Kuma yawancin waɗannan ba a ware suke ba, jere suke a layi ɗaya bango ɗaya, ko a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru ko wajen Kwangila. To yaya ake gane ko waje yana cikin haɗari, wa doka ta ɗora wa alhaki, kuma me ake jayayya a kai?

Ba ruwan man ne ke fashewa ba

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne fetur ɗin da kake gani a jarka ba shi ne ke kamawa ba, tururin da ke tashi daga samansa ne. Kafin a samu fashewa sai abu uku sun haɗu: tururi ko iskar da ke ci da wuta, iskar da muke shaƙa, da kuma abin kunnawa ko da ɗan tartsatsi ne. In ukun nan sun haɗu a fili sai a samu gobara, in kuma sun haɗu a rufaffen waje kamar shago ko duro ko tanki, zafin ya rasa hanyar fita, shi ne ake jin ƙarar nan kamar bam, rufi ya tashi, ƙofa ta fice.

Kowane mai yana da zafin da yake fara fidda tururin da zai iya kamawa. Na fetur yana can wajen digiri 40 ƙasa da sifili, wato ko a tsakiyar sanyin Disamba fetur a shirye yake. Kalanzir sai ya kai wajen digiri 38, dizal kuma sama da digiri 50. Shi ya sa kalanzir mai kyau ba ya fashewa a fitila ko risho, amma da zarar an gauraya shi da fetur ko an zuba shi a jarkar da aka sa fetur, ya tashi daga kalanzir ya koma wani abu daban. A lura kuma, a watan Maris da Afrilu zafin Zariya yana kaiwa kusan digiri 40 a inuwa, cikin shagon kwano da kwantena ya fi haka, kenan kalanzir ɗin ma da ake ganin lafiyayye yana iya kaiwa matakin nasa.

Sai maganar yawan tururin a cikin iska. In ya yi kaɗan ba zai kama ba, in ya yi yawa sosai ma ba zai kama ba don iskar ba ta ishe shi ba, akwai wani tsakani da yake fashewa. Na fetur daga wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari ne, na gas ɗin girki daga wajen kashi 2 zuwa 10. Lambobin kamar ba komai, amma ga abin da suke nufi: shago mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3 da tsayin mita 3, in yana rufe, kusan kilo ɗaya na gas ya isa ya kai iskar ciki matakin fashewa. Ba ma sai ya kai kilo ɗayan ba, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya yana gangara kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga kwata ya tafi shagon maƙwabci. Tururin fetur ma haka yake yi, shi ya sa ramin da bakanike ke shiga ƙarƙashin mota yana cikin wurare mafi haɗari a gareji. Warin da ake ji na gas kuwa ba nasa ba ne, wani sinadari ake zuba masa da gangan don a gane yoyo, matsalar ita ce wanda ya wuni a shagon gas hancinsa yana sabawa, baƙo ya shigo ya ce wari ake yi shi ya ce bai ji komai ba.

“Oga babu komai a ciki”

Wannan magana masu walda sun san ta. A kawo tankin mota ko na babur ko duro, a ce an juye an girgiza babu ko ɗigo, a liƙe ɓula ko a yanke shi gida biyu a yi abin ban ruwan dabbobi ko murhu. To a ilimin abin, duron da aka juye ya fi cikakke haɗarin fashewa wajen walda, domin cikakken duro iska ba ta da wuri a ciki, wanda aka juye kuwa cike yake da iska da tururi, daidai haɗin da ake gudu. Cokali ɗaya ko biyu na fetur da ya maƙale a gindi ko a cikin tsatsa ya isa ya cika duro mai lita 200 da haɗin da zai tashi da murfinsa.

Dabarun da aka saba yi a gareji, irin a ɗauraye da ruwa sau ɗaya, ko a shanya a rana, ko a kunna ashana a bakin tankin wai a ƙona sauran, ko a sa bakin salansa a ciki, babu wanda za a iya dogara da shi, na ashanar ma shi kansa fashewar ake gayyata. Abin da ake yi a inda ake bin ƙa'ida shi ne a wanke da ruwan zafi da sabulu ko tururin ruwa sosai, a gwada cikin da na'urar auna gas, ko a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aikin, ko kuma a yanka da abin da ba ya fidda zafi da tartsatsi. In duka ba za su yiwu ba, sabon tanki ya fi sauƙi. Tukunyar gas kuwa ba a mata walda kwata-kwata, ko gindinta ne ya cire.

Masu walda da kabaid suna da nasu haɗarin daban. Kabaid in ya haɗu da ruwa yana fidda iskar asitilin, ita kuma tsakaninta na fashewa yana da faɗi ƙwarai, daga wajen kashi 2.5 har sama da kashi 80, kusan duk yadda ta haɗu da iska za ta kama. Tukunyar kabaid ɗin da ake ƙerawa a gida, wadda ba ta da abin hana wuta komawa baya ta cikin tiyo, ita ce babbar matsalar. Haka tukunyar oksijin, ba a taɓa bakinta da hannu mai giris ko baƙin mai, domin maiƙo na iya kamawa da kansa in ya haɗu da oksijin mai ƙarfi.

Waɗanda ba a sa su a lissafi

Da an ce abu mai fashewa hankali na tafiya kan gas da fetur, amma akwai wasu. Tina da fenti na masu fesa mota da masu kujeru, gam ɗin masu takalmi da jaka, da sinadarin hekzen da manyan masana'antu ke tatsar man waken soya da shi, duk tururinsu na kamawa. Batir ɗin sola da inbata irin masu ruwa suna fidda iskar haidurojin lokacin caji, ita kuma sama take taruwa ba ƙasa ba, to ɗakin batir da ba shi da mafitar iska ta sama, ga kuma makunni da wayoyi a ciki, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ƙura. Garin masara, fulawa, sukari, dusa, ƙurar katako da ta auduga, in sun yi laushi sosai suka tashi suka cika rufaffen waje, suna fashewa kamar gas. A watan Fabrairun 2008 ƙurar sukari ta tarwatsa wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka mutu. Yadda abin ke faruwa shi ne ƙaramar fashewa ta farko ta girgiza ginin, ƙurar da ta shekara kwance a kan katakon rufi da saman injina ta tashi, sai ta biyu ta biyo baya wadda ta fi ta farko muni nesa ba kusa ba. Injin niƙa na unguwa da ke buɗe ta ko'ina haɗarinsa bai kai haka ba, amma Zariya gari ne na hatsi da abincin kaji da sarrafa iri, duk inda aka koma rufaffen gini da rumbun ƙarfe da bel mai ɗaukar gari, to maganar ta shigo.

Yadda ake auna haɗarin

Auna haɗari ba wani abu ba ne da ya fi ƙarfin mai shago, tambayoyi ne ake bi ɗaya bayan ɗaya a rubuta amsa. Me ake ajiyewa a nan, nawa ne yawansa? Ta ina zai iya fita, yoyon tiyo ne, bawul ne, lokacin juyewa daga babbar tukunya zuwa ƙarama ne, ko zubewa a ƙasa? In ya fita ina zai taru? Me zai kunna shi? Su wa abin zai shafa?

A Turai an mayar da wannan doka, Birtaniya tana da tata tun 2002 da ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata yin wannan lissafi, kuma ƙa'idar duniya da kamfanonin mai na Najeriya ma ke bi tana raba wurin aiki yanki-yanki. Yanki na 0 shi ne inda haɗin mai fashewa yake kusan kullum, kamar cikin tanki saman mai. Yanki na 1 inda ake sa ran samunsa a aikin yau da kullum, kamar kusa da bakin tiyon cika gas. Yanki na 2 inda ba a sa rai sai in wani abu ya lalace, kuma na ɗan lokaci. Ƙura ma tana da nata, 20 da 21 da 22. Amfanin rabon shi ne kowane yanki akwai irin kayan lantarkin da aka yarda a sa a cikinsa, waɗanda aka ƙera yadda tartsatsinsu ba zai fito waje ba. Soket da makunni da fanka na kasuwa ba sa cikin waɗannan.

Tambayar abin kunnawa ita ce mutane suka fi yi wa gajeren lissafi, ana tsayawa kan sigari da ashana. Alhali makunnin fitila yana tartsatsi duk lokacin da aka taɓa shi, firiza na kunna kanta da kanta, ƙarfen canja layi daga NEPA zuwa janareta yana fidda wuta a bayyane, ga salansar babur mai zafi, ga injin yankan ƙarfe da tartsatsinsa ke tafiya mitoci da dama. Wutar NEPA da ke dawowa ba sanarwa ita ma matsala ce: gas ya taru cikin dare a rufaffen shago, an bar makunni a kunne, a kawo wuta da asuba. A Dikko rahotanni sun ce janareta aka kunna don juye man daga tankar da ta faɗi zuwa wata. Akwai kuma lantarkin nan da ke taruwa a jiki da kaya lokacin hunturu, irin wanda ke tsunkulin mutum in ya taɓa ƙofar mota, shi ma ya isa ya kunna tururin fetur, kuma zuba mai cikin jarkar roba na ƙara tara shi. Shi ya sa ake haɗa tanka da ƙasa da waya kafin a fara sauke mai, kuma ake son a sauke jarka ƙasa kafin a zuba mata, ba a bar ta a but ko a kan babur ba. Wayar hannu da ake ta faɗa a kanta a gidajen mai, haɗarinta bai kai na waɗannan ba, illarta ta fi yawa wajen ɗauke hankali.

Inda tsarin Turai bai zauna daidai a Zariya ba shi ne can ana ɗauka duk yankunan nan suna cikin katangar kamfani ɗaya, mai kamfani shi ke iko da komai. A nan kuwa yanki na 1 na mai gas yana iya faɗawa kan murhun mai shayi, yanki na 2 ya haɗa da rumfar mai walda da teburin mai cajin waya da tukunyar mai suyar awara. Mai gas zai iya cika duk sharuɗɗa a cikin shagonsa, ya cire soket, ya sayi tukunyar kashe gobara, amma ba shi da ikon hana maƙwabci hura gawayi. Abin da ya faru a Sabon Tasha a Kaduna ranar 4 ga Janairun 2020 ya nuna haka, shagon gas ne ya fashe amma cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba sayar da gas yake ba, abin ya rutsa da shi ne a kusa da wurin. Saboda haka a irin garinmu lissafin shago ɗaya bai wadatar ba, na layi gaba ɗaya ake buƙata, kuma hakan na nufin sai mai gida da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin sana'a sun shigo ciki.

Me ake fara gyarawa

Matakan suna da jeri, kuma tukunyar kashe gobara da kowa ke fara saya ita ce kusan ta ƙarshe. Na farko a raba wurin da abin in zai yiwu, misali wanke kayan inji da fetur da kanikawa ke yi a buɗaɗɗen kwano, akwai abin da zai maye gurbinsa wanda bai kai shi saurin kamawa ba. Na biyu a rage yawa, abin aikin yini ɗaya kawai a ciki, sauran a ajiye a waje mai iska, a inuwa, nesa da mutane. Na uku a hana yoyo: a duba tiyo da regileta da ruwan kumfar sabulu, ba da ashana ba. Sannan iska, kuma ga gas da fetur mafitar ƙasa-ƙasa ake so, tagar sama kaɗai ba ta fitar da su. Bayan nan a nisanta abin kunnawa. Sai a ƙarshe a yi shirin in abin ya faru, ƙofar fita da ba a tare ta da kaya ba, bokitin yashi, tukunyar kashe gobara mai hoda wadda ba ta ƙare aiki ba kuma yaran shago sun san yadda ake buɗe ta. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar ta yake ya yaɗa.

Cika tukunyar gas ya cancanci a tsaya a kansa. Gas a cikin tukunya ruwa ne, kuma yana kumbura in ya ji zafi, shi ya sa ba a cika ta fal, ana barin wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari fili. Mai saye da ke cewa a ƙara masa, da mai sayarwa da ke cikawa da ido ba sikeli, ko ya zuba kilo 14 a tukunyar kilo 12.5, duk suna cinye wannan filin ne, in aka ɗora ta a Keke Napep cikin rana ko aka ajiye kusa da murhu ba ta da inda za ta numfasa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, kuma ana buga shekarar ƙira a jikin mariƙinta, amma tsofaffin tukwane da aka sake wa fenti suna nan suna yawo. In kuma gobara ta riga ta kama kusa da tukunya ko tanka, wutar na dafa ruwan ciki tana raunana ƙarfen har ya tsage gaba ɗaya ya watso ƙwallon wuta, wannan kan zo ne bayan mintuna, daidai lokacin da 'yan kallo da masu ɗaukar bidiyo suka taru.

Doka tana nan, a warwatse

Wani ɓangare na ruɗanin daga yawan hukumomi yake. Lasisin ajiyewa da sayar da mai da gas na hannun NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa ta gaji aikin tsohuwar hukumar DPR a wannan fanni. Ingancin tukunya da tiyo da regileta na SON ne. Izinin gini da dacewar wuri a jihar Kaduna na hukumar tsara birane ta KASUPDA ne, muhalli na hukumar KEPA, ga kuma 'yan kwana-kwana da ke duba shirin kashe gobara. Lafiyar ma'aikaci a masana'anta kuwa tana ƙarƙashin dokar masana'antu ta 1987 da ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ke kula da ita, kuma dokar ta yi maganar ƙura da tururi masu fashewa, har da hana walda a tankin da ya taɓa ɗaukar abu mai kamawa sai an tsabtace shi. Sai dai tarar da ke ciki da darajar nairar wancan zamani aka rubuta ta, masu duba masana'antu ba su da yawa, sabuwar dokar da za ta maye gurbinta kuma ta daɗe tana kai da kawowa.

Sakamakon shi ne kowace hukuma tana duba nata yanki, mai lasisi ya duba takarda, mai gini ya duba fili, amma tambayar ko ya dace mai gas da mai walda su zauna bango ɗaya ba ta da takamaiman mai ita, musamman in mai gas ɗin ya riga zuwa daga baya aka ba mai walda haya. Haka gidajen mai da aka gina a bayan gari shekarun baya, yanzu gari ya cim musu ya kewaye su.

A rufe ko a gyara?

Bayan fashewar Sabon Tasha gwamnatin jihar ta lokacin ta ba da umarnin rufe wuraren sayar da gas da ke cikin unguwannin zama. Masu goyon bayan irin wannan mataki hujjarsu a fili take: juye gas daga tukunya zuwa tukunya a cikin shago aiki ne da dole sai gas ya fita duk lokacin da aka cire tiyo, ba yadda za a yi ya zama lafiya a tsakiyar jama'a, don haka a bar cikawa ga manyan tashoshi masu fili da kayan aiki, shagon unguwa ya tsaya kan musaya, ka kawo wofi ka karɓi cikakkiya. Gwamnatin tarayya ma ta taɓa kawo tsarin da zai mayar da mallakar tukwane hannun dillalai don a riƙa duba su ana cire waɗanda suka tsufa.

Masu shagunan su ma suna da abin faɗa. Yawancin masu saye ba cikakkiyar tukunya suke iya saya ba, kilo ɗaya ne ko biyu, ɗalibi a Samaru ko Kongo da 'yar ƙaramar tukunyarsa ko uwar gida da kuɗin cefanen yau, musaya ba ta yi musu. Wanda ya sayi sabuwar tukunya kuma ba ya son a musanya masa da tsohuwa. Sun kuma ce in an rufe shago buƙatar ba ta mutuwa, sana'ar komawa take cikin zaure da ɗaki inda ba iska ba mai gani, wanda ya fi na bakin titi haɗari. Irin wannan muhawara ce a kan 'yan bumburutu: sayar da fetur a galan ba bisa ƙa'ida yake ba, amma ɗan acaba da mai janareta da dare su ne kasuwarsu, kuma jarkokin a gidajen kwana suke kwana.

Akwai ra'ayi na uku da ya fi yawa wajen injiniyoyi da masu aikin kashe gobara, wato a yi ƙaramin lasisi mai sharuɗɗa kaɗan da za a iya dubawa da ido, iyakar kilon da za a ajiye, tazara daga wuta, sikeli, horo na dole, a kuma bi ta hannun ƙungiyoyin sana'a tunda su suka san mutanensu. Raunin wannan shi ne yana buƙatar masu dubawa da ba za a sallame su da ɗan na goro ba. Raunin rufewa kuma shi ne ana yin sa da zafi bayan an yi rashi, wata biyu uku a koma gidan jiya. Dukkan ɓangarorin dai sun yarda da abu ɗaya, ba a cika fitar da rahoton binciken abin da ya jawo fashewa don masu sana'a su koya ba, a yi jana'iza a yi jaje a ce ƙaddara, alhali malamai ma suna cewa tawakkali bai hana ɗaukar mataki.

CNG ya shigo da nasa

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gwamnati ke tura mutane su mayar da motoci kan CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya mota ta yi aiki da ita maimakon fetur, kuma da yawa suna ɗauka shi ne gas ɗin girki. Ba ɗaya ba ne. CNG ya fi iska sauƙi, in ya yi yoyo sama yake tashi, ta wannan fuskar ya fi sauƙin sha'ani a fili, amma a gareji mai rufi a ƙarƙashin kwano yake taruwa. Babban bambancin shi ne matsi, ana cusa shi da ƙarfin wajen bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), tayar ƙaramar mota kuwa bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka, tukunyar gas ɗin girki ma ba ta kusa da wannan. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wajen shan CNG a Benin, hukumomi suka ce tukunyar da aka sa mata haɗin walda ce ba wadda aka amince da ita ba. Ga kanikawan Zariya wannan sabuwar kasuwa ce, amma aiki ne da ba ya karɓar dabarar a gwada a gani.

Abin da zai taɓa mai ƙaramin ƙarfi

In aka tsaurara, abu na farko da za a ji shi ne kuɗi da nisa. Sikeli mai kyau, tukunyar kashe gobara, na'urar jin yoyo da hayar fili mai tazara duk a kan farashin kilo za su sauka, wanda ke cika gas a bakin layinsu zai koma biyan kuɗin Keke zuwa tasha, wasu kuma za su koma gawayi da itace da nasu matsalar hayaƙi. Masu gidajen haya za su fuskanci zaɓi, domin shagon da aka ba mai gas zai rage irin mutanen da za a iya ba na kusa da shi. In kuma aka bar abin yadda yake, waɗanda suka fi zama a bakin haɗarin su ne yaran shago da masu koyon sana'a, su ake ba tankin su wanke, su ke riƙe tiyo, su ke kwana a shago.

Jinyar ƙuna tana da tsawo da tsada, manyan ƙuna a yankin nan asibitin koyarwa na Shika ake kai su, kuma abin da aka yi a mintunan farko yana da tasiri: ruwa mai sanyi mai gudana na wajen minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko manja ba, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ta fuskar diyya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da mai koyon aiki, ko da yarjejeniyar ta baki ce. A aikace ƙananan gareji da shaguna kaɗan ne suka yi rajista, don haka in abu ya faru nauyin kan koma kan maigidan sana'a da dangi da gudummawar 'yan ƙungiya, maƙwabcin da shagonsa ya ƙone kuwa wannan doka ba ta shafe shi ba, sai dai sulhu a gaban shugabannin kasuwa ko mai unguwa, ko kuma kotu.